Shiga Cikin Bayanai: Abin da Duniyar Kwaikwayo da Ƙarin Gani Za Su Iya Yi wa Mai Nazarin Harshe

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa nazarin tsarin sautin Hausa ya san kalmar da ake rubutawa "fari". A baƙaƙe ɗaya ce, a baki kuwa huɗu ce. Akwai fari na launi, mai gajeren wasalin farko da karin sama a gaɓoɓinsa biyu. Akwai fari na rashin ruwan sama, shi ma mai gajeren wasali, amma karinsa sama ne sannan ƙasa. Akwai fari mai ma'anar farko, wanda wasalinsa dogo ne, karinsa sama da ƙasa. Na huɗu shi ne fari jam'in fara, mai dogon wasali, wanda ke farawa da karin ƙasa ya ƙare da na sama. Wanda ya so ya nuna bambancin waɗannan kalmomi da awo, dole ya auna tsawon wasalin farko, da tsinin muryar gaɓar farko, da na gaɓa ta biyu, ya kuma duba launin wasalin kansa. Ma'aunai huɗu ke nan, ita kuwa takarda tsawo da faɗi kawai gare ta.

Wannan ƙarancin wuri shi ne tushen maganar da za mu yi. A ƴan shekarun nan masana kwamfuta sun buɗe wani fage da suke kira nazarin bayanai ta hanyar nutsewa a cikinsu, inda mai nazari ke sanya wani tabarau na musamman ya ga alƙalumansa sun zama siffofi a sarari, ya zagaya su, ya miƙa hannu ya juya su, shi kaɗai ko tare da abokan aikinsa. Za mu bayyana yadda abin yake aiki, da abin da gwaje-gwaje suka tabbatar game da shi, da inda ya gaza, domin ɗalibin kimiyyar harshe ya san abin da ya cancanci lokacinsa da ɗan kuɗin da ke hannunsa.

Ma'anar kalmomin biyu

Fasahohi biyu ne ake yawan ambata tare. Ta farko ita ce wadda ake taƙaitawa RV a Faransanci, VR a Ingilishi; mu a nan za mu kira ta duniyar kwaikwayo. Mutum yana sanya tabarau mai rufe idanu ruf, sai ɗakin da yake ciki ya ɓace masa, kwamfuta ta maye gurbinsa da wani wuri da ta zana. Ta biyu ita ce RA ko AR, wadda za mu kira ƙarin gani. A nan ɗakin ba ya ɓacewa. Mutum yana ganin teburinsa da abokansa, sai na'ura ta ɗora hoto a kan abin da yake gani, kamar a ce ga taswira tana tsaye bisa teburin.

A 1994 Paul Milgram da Fumio Kishino suka nuna cewa fasahohin biyu suna kan layi ɗaya ne: zahiri tsantsa a wannan baki, kwaikwayo tsantsa a wancan, gauraye iri-iri a tsakani. A 1997 kuma Ronald Azuma ya gindaya sharuɗɗa uku kafin a kira abu ƙarin gani: ya haɗa na gaske da na kwaikwayo, ya amsa motsin mutum nan take, kuma hoton ya kafu a wurinsa cikin sarari ko da mai kallo ya gusa. Sharaɗi na uku shi ne ya raba shi da rubutun da ke wucewa a ƙasan akwatin talabijin lokacin labarai.

Taƙaitaccen tarihi

Tunanin ya girmi yawancinmu. A 1968 Ivan Sutherland ya ƙera a Amurka tabarau na farko mai nuna zanen kwamfuta da ke sauyawa idan an juya kai. An haɗa shi da wani hannun ƙarfe da ke rataye a rufin ɗaki, wanda ke auna motsin kan mai kallo, kuma abin da yake nunawa bai wuce ƴan layuka ba. A farkon shekarun 1990 Tom Caudell da David Mizell na kamfanin jirage na Boeing suka raɗa wa ƙarin gani sunansa, lokacin da suke neman hanyar nuna wa ma'aikata inda kowace wayar lantarki za ta bi. A 1992 Carolina Cruz-Neira da Daniel Sandin da Thomas DeFanti na jami'ar Ilinoi da ke Shikago suka gabatar da CAVE, wani ɗaki mai kimanin mita uku ta kowace fuska, wanda ake haska hotuna a bangayensa da daɓensa, mutane su shiga ciki su tsaya a tsakiyar bayanansu.

Irin waɗannan ɗakuna sai manyan jami'o'i da kamfanoni masu hannu da shuni. Abin ya sauya ne ta hanyar masu wasannin kwamfuta. Facebook ya sayi kamfanin Oculus a 2014 a kan kusan dalar Amurka biliyan biyu, kuma a 2016 tabarau na Oculus Rift da HTC Vive da HoloLens na Microsoft suka fito. A 2015 wasu masana, galibinsu na jami'ar Monash ta Ostareliya, suka ba fagen nazarin bayanai ta nutsewa sunansa; aka yi taro a kansa a Dagstuhl ta Jamus a 2016, littafi na farko mai ɗauke da sunan fagen ya fito a 2018.

Me ya sa ake zana bayanai tun farko?

Kafin a yi maganar tabarau, ya kamata a tuna dalilin zanen kansa. A 1973 masanin ƙididdiga Francis Anscombe ya shirya jerin alƙaluma huɗu, kowane da ɗigo 11. Matsakaicinsu ɗaya ne, bazuwarsu ɗaya, layin da lissafi ya fitar musu ma ɗaya. Da aka zana su, sai ga shi babu wanda ya yi kama da wani: ɗaya ya bi layi, ɗaya ya lanƙwasa kamar baka, sauran biyu kuma ɗigo ɗaya tak da ya fita zakka shi ne ya karkatar da lissafinsu. Darasin shi ne taƙaitaccen lissafi yana iya ɓoye abin da ido zai gani nan take. Hausawa sun riga sun faɗa: ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

John Tukey, wanda littafinsa na 1977 ya kafa al'adar binciken bayanai ta hanyar dubawa, ya fahimci cewa fuska biyu ba sa wadatarwa. Tun a farkon shekarun 1970 shi da abokansa suka gina wata manhaja mai suna PRIM-9, wadda ke juya tarin ɗigo a allon kwamfuta domin ido ya hango siffarsa ta ɓangarori daban-daban. Sai dai an daɗe ana gargaɗi game da zane mai fuska uku a kan shafaffen allo. Nazarin William Cleveland da Robert McGill na 1984 ya nuna cewa mutum ya fi iya kwatanta ɗigo biyu da ke kan ma'auni ɗaya, sannan tsawo da kusurwa, kuma ya fi yin kuskure idan aka ce ya kwatanta faɗin fili ko girman jiki. Ga kuma wasu matsaloli biyu: abin da ke gaba yana tare na baya, na nesa kuma yana ƙanƙancewa har a zaci ƙarami ne. Tambayar da sabon fagen ke yi ita ce: idan fuska ta uku ta zama ta gaske a idon mai kallo, shin matsalolin nan suna raguwa?

Yadda na'urar take yaudarar ido

Abubuwa biyu ne manya ke sa mu gane zurfi. Na farko, idanunmu biyu suna da tazarar kimanin milimita 63 a tsakaninsu ga babban mutum, saboda haka kowane yana ganin duniya ta ɗan wani gefe, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa hotunan biyu ta fitar da nisa. Tabarau yana kwaikwayon haka ta hanyar ba kowane ido hotonsa. Na biyu, idan muka motsa kai, abin da ke kusa yana gusawa da sauri fiye da na nesa, kamar yadda matafiyi a mota yake ganin itatuwan bakin hanya suna gudu, tudun da ke can nesa kuwa yana tafiya sannu. Domin samar da wannan, na'urar tana bin motsin kai da ƴan kyamarori da ma'aunan motsi, tana sake zana hoton sau 72 zuwa 120 a daƙiƙa guda. Maƙera suna ƙoƙarin kada jinkiri tsakanin motsin kai da sauyin hoto ya wuce kimanin kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa, don idan ya wuce, jiri yakan biyo baya.

Colin Ware da Glenn Franck sun auna amfanin waɗannan alamu biyu a Kanada a 1996. Sun ba mutane zanen ɗigogi masu haɗe da layuka, kamar saƙar gizo, suka ce su gano ko akwai hanya tsakanin ɗigo kaza da ɗigo kaza. Gani da ido biyu kaɗai ya ninka girman saƙar da mutum zai iya fahimta sau 1.6 idan aka kwatanta da shafaffen zane. Bin motsin kai kaɗai ya ninka shi sau 2.2. Da aka haɗa biyun, sai ya kai ninki uku. A lura cewa motsi ya fi ido biyu tasiri, kuma za mu koma kan wannan a gaba, domin yana da muhimmanci ga wanda ba shi da tabarau.

Mai nazari shi kaɗai

Mu ɗauki wasula. Sautin kowane wasali yana da wasu ƙullan amo da ake aunawa, waɗanda ake yi wa laƙabi da F1 da F2 da F3. F1 yana hawa idan harshe ya sauka baki ya buɗe, F2 kuma yana hawa idan harshe ya matso gaba. A shahararren bincikensu na 1952, Gordon Peterson da Harold Barney sun auna wasula goma na Ingilishin Amurka daga bakin mutum 76, suka zana F1 da F2 a takarda. A wajen maza, wasalin [i] ya faɗa kusa da 270 da 2290, [u] kuma kusa da 300 da 870. Tun daga lokacin wannan zane mai fuska biyu ya zama abin da kowane ɗalibin ilimin furuci yake koya.

Ga Hausa zanen bai isa ba. Muna da gajerun wasula biyar da dogaye biyar, ban da tagwaye biyu, kuma an san cewa gajeren wasali a tsakiyar kalma yakan karkata zuwa tsakiyar baki, dogo kuwa ya tsaya a gefensa. Wato tsawo da launi suna tafiya tare. A ƙaddara ɗalibi ya naɗi muryar mutum 20, kowane ya furta wasula goma cikin kalmomi 15: ɗigo 3000 ke nan. A takarda za su cakuɗe su zama baƙin tabo. Idan aka mai da tsawon wasali fuska ta uku, aka ba kowane mai magana launinsa, mai nazari zai iya tsayawa a gefen tarin ya ga ko gajeren [a] da dogon [a] gungu biyu ne masu rata a tsakani, ko kuwa gungu ɗaya ne mai miƙewa. Zai iya taɓa ɗigon da ya ware ya saurari muryar da ta haife shi, ya gane ko kuskuren awo ne ko wani abu ne na harshen.

Akwai manhajar da aka gina don irin wannan wasa da ma'aunai. A 2017 Maxime Cordeil da abokansa suka fitar da ImAxes, inda kowane ma'auni yake zama kamar sanda da mutum zai ɗauka da hannu. Idan ya haɗa sanduna biyu a kusurwa, taswirar ɗigogi ta bayyana a tsakaninsu. Idan ya ƙara ta uku, ta zama mai fuska uku. Idan ya jera su tsaye kamar shinge, layuka su haɗa kowane samfuri daga sanda zuwa sanda. Mai nazarin kalmomin "fari" zai ɗauki sandar tsawo da ta karin gaɓar farko da ta karin gaɓa ta biyu, ya ga gungu huɗu sun rabu, sannan ya musanya ɗaya da F1 ba tare da ya rubuta umarni ko ɗaya ba.

Fage na biyu shi ne ma'ana. Tun da Tomas Mikolov da abokansa na Google suka fitar da word2vec a 2013, ya zama ruwan dare a wakilci kowace kalma da jerin lambobi, sau da yawa 300, waɗanda ake samu daga kalmomin da take yawan zama kusa da su a cikin rumbun matani. Ba mai iya ganin fuska 300, don haka ake matse su zuwa biyu ko uku da dabaru irin su t-SNE ta 2008 da UMAP ta 2018. Matsewa zuwa uku takan rage asarar da ake yi, kuma yawo a cikin gajimaren kalmomi yana iya nuna wa mai nazari, alal misali, cewa rubutun da ba ya nuna kari da tsawo ya cusa "gari" na mazauni da "gari" na hatsi a ɗigo guda, maƙwabtansa rabi birane rabi kayan tuwo.

Amfani na uku ba shi da alaƙa da fuska ta uku ko kaɗan. Wuri ne kawai. A 2010 Christopher Andrews da Alex Endert da Chris North na Virginia Tech suka nuna cewa masu nazarin takardu, idan aka ba su faffaɗan allo, sukan mai da wurin kansa abin tunawa: wannan tari a hagu na shaidu ne, wancan a sama na abin da ake shakka. Duk wanda ya taɓa baza katunan kalmomi a tabarma yana rarraba jam'in Hausa aji-aji ya san wannan dabara. Duniyar kwaikwayo tana ba mutum tabarmar da ba ta da iyaka, kuma iska ba ta kwashe masa katunan.

Aikin haɗin gwiwa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babban nazari ba kasafai mutum ɗaya ke gama shi ba. Masana aikin tare sukan yi amfani da rabe-raben Robert Johansen na 1988: ko mutane suna wuri ɗaya ko wurare daban, ko suna aiki lokaci ɗaya ko lokuta daban. Ƙarin gani ya fi dacewa da waɗanda ke ɗaki ɗaya, saboda suna ganin fuskokin juna da hannuwan juna yayin da taswirar ke tsaye a tsakaninsu. Duniyar kwaikwayo ta fi dacewa da waɗanda ke nesa, inda kowa ke bayyana ga ɗan uwansa a siffar mutum-mutumi mai kai da hannuwa masu bin motsinsa na gaske.

A nan ɗalibin harshe yana da abin cewa fiye da injiniya. Mafi yawan maganar da mutane ke yi a gaban zane magana ce ta nuni. Hausa ta tanadi kalmomi huɗu don haka, waɗanda kari ne ke raba su: "nan" mai karin faɗau ga abin da ke kusa da mai magana, "nan" mai karin sama ga na kusa da mai sauraro, "can" mai faɗau ga abin da ake hange, da "can" mai karin sama ga wanda ya yi nisa sosai. Duk huɗun ba su da amfani sai an san inda kowa yake tsaye da inda yake kallo. Wannan shi ne abin da kiran bidiyo yake rusawa: wanda ya ce "duba wancan" a gaban allon da aka raba, sai ya ƙara dogon bayani kafin a gane shi. Wuri guda na kwaikwayo yana maido wa kalmomin nuni ƙarfinsu.

Cordeil da abokansa sun gwada wannan a wani bincike da aka buga a 2017. Sun sa mutane bibbiyu su yi nazarin saƙar ɗigogi tare, wasu a cikin babban ɗakin CAVE2 mai tsada, wasu kuma kowa da tabaransa mai sauƙin kuɗi. Masu tabarau sun fi saurin gamawa, kuma ba a sami wani bambanci mai ƙarfi ba wajen daidaiton amsa ko yadda suke magana da juna. Sakamakon ya nuna cewa ba lallai sai jami'a ta gina ɗaki na miliyoyi kafin ta shiga fagen ba.

Nazarin karin harshe shi ne inda za a fi ganin ribar haka a wajenmu. Taswirar kare-karen harshe tsohuwar sana'a ce: Jules Gilliéron da Edmond Edmont sun buga ta Faransa tsakanin 1902 da 1910 daga wurare 639, kuma kowace kalma da shafinta. Matsalar ita ce iyakokin siffofi ba sa faɗuwa wuri ɗaya. A Hausa, layin da ya raba "fari" da "hwari" ba dole ne ya bi layin da ya raba "zauna" da "zamna" ba, ko na "ne/ce" da "na/ta", ko na "yana" da "shina". A takarda sai a yi ta buɗe shafi ana rufe wani. A sarari kuwa ana iya shimfiɗa ƙasar a ƙasa, daga Filinge da Dogon Dutsi zuwa Tawa, Maraɗi, Damagaram, har Sakkwato, Katsina da Kano, a jera kowace siffa a matsayin bene a bisa ta. Ko kuma a mai da tsayi ya zama shekarun masu magana, bisa dabarar da masanin labarin ƙasa Torsten Hägerstrand ya yaɗa a 1970 ta ɗora lokaci a kan taswira, sai a ga ko wata siffa tana ja da baya a bakin matasa. Ɗalibin da ya tashi da Adaranci da wanda ya tashi da Damagaranci da mai Arewanci za su iya tsayawa a kan taswira ɗaya, kowa ya nuna wurin da kunnensa ya ƙi yarda da abin da aka rubuta.

Inda abin ya gaza

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A 2018 Benjamin Bach da abokansa suka kwatanta kwamfutar tebur da allon hannu da HoloLens a kan ayyukan duba tarin ɗigogi masu fuska uku. A yawancin ayyukan, kwamfutar tebur da linzaminta ce ta fi sauri da daidaito. Tabarau ya nuna ƙarfinsa ne inda aikin ke bukatar sarrafa abu da hannu a sarari. Saboda haka, wanda yake son karanta ainihin lamba, ko ya kwatanta tsawo biyu, shafaffen zane ya fi masa.

Na biyu, jiki yana da haƙƙi. Idan ido ya ce ana tafiya, kunnen ciki kuma ya ce ana zaune, sai tashin zuciya da jiri su zo. Haka nan idanu suna karkata zuwa abin da ya bayyana kusa, alhali allon yana nan a nisa ɗaya, kuma wannan saɓani yana gajiyar da su. Wasu mutane ma ba sa gane zurfi ta hanyar ido biyu tun asali. Rubutu kuma yana wahala: ido mai lafiya yana rarrabe kimanin ɗigon hoto 60 a kowane digiri, tabarau irin Quest 2 kuwa yana ba da kimanin 20. Ga mai aiki da ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b, da alamomin kari a kan wasula, wannan babban cikas ne.

Na uku, kyawun gani yana iya zama tarko. A zanen t-SNE, girman gungu da nisan da ke tsakanin gungu biyu ba abin dogaro ba ne, kuma sauya saiti ɗaya yana iya haifar da gungun da babu shi. Mutumin da ya zagaya wani gungu da ƙafarsa zai fi saurin gaskata shi fiye da wanda ya gan shi a takarda. Abin da ido ya hango zato ne, sai gwajin ƙididdiga ya tabbatar da shi. Kuma alƙalan kundin digiri takarda za su karanta, don haka dole mai nazari ya iya fassara abin da ya gani zuwa jadawali da zanen da wani zai iya sake fitarwa.

Na huɗu shi ne sirri. Tabarau yana naɗar motsin kai da hannu, kuma motsin mutum kamar zanen yatsansa ne. Wani bincike na jami'ar Stanford a 2020 ya gane kashi 95 cikin ɗari na mutum 511 daga motsin da bai kai na minti biyar ba. Wani na jami'ar Kaliforniya ta Berkeley a 2023 ya gane sama da kashi 94 cikin ɗari na masu wasa fiye da 55,000 daga motsin daƙiƙa 100. Ga mu kuma akwai amanar waɗanda suka ba mu muryoyinsu. Tsohuwar da ta yarda a naɗi tatsuniyarta a ƙauye ba ta yarda a ɗora muryarta da sunan garinta a rumbun wani kamfani na ƙetare ba, sai fa in an tambaye ta an kuma bayyana mata.

Na ƙarshe shi ne kuɗi. Apple Vision Pro ya fito a 2024 a kan dalar Amurka 3,499, wato sama da sefa miliyan biyu. Quest 2 ya fito a 2020 a kan 299, abin da bai kai jaka 200 ba kafin kuɗin sufuri da kwastan. Ga bukatar wutar lantarki, ga intanet mai ƙarfi idan za a yi aiki daga nesa. Kayan kuma suna saurin tsufa: Microsoft ya daina ƙera HoloLens 2 a 2024. Sashen da ke da ɗan abin kashewa, ya fi masa ya fara da na'urar naɗar murya mai kyau da ɗaki marar hayaniya.

Abin da ɗalibi zai iya yi tun yanzu

Babu tabarau da zai gyara bayanan da aka tattara da sakaci. Matakin farko shi ne ƙwarewa a kayan da ke hannu kuma kyauta ne: Praat, wanda Paul Boersma da David Weenink na jami'ar Amsadam suka ƙirƙira don awon sauti, da ELAN na cibiyar Max Planck da ke Nijmegen ta Holan don rubuta magana daidai da lokacinta, da manhajar ƙididdiga ta R. Jadawalin da kowane layi yake ɗauke da samfuri ɗaya, kowane ginshiƙi da ma'auni ɗaya, an kuma nuna tsawo da kari, an ɓoye sunayen masu magana, shi ne zai shiga kowace na'ura ta yau ko ta gobe.

Mataki na biyu yana cikin sakamakon Ware da Franck. Tun da motsi ya fi ido biyu ba da zurfi, ɗalibin da ya zana wasulansa da plotly ko rgl a cikin R, ya riƙa juya su da linzami, ya riga ya sami kaso mai tsoka na amfanin ba tare da ya sayi komai ba. Wayoyin hannu da yawa kuma suna iya ƙarin gani tun da Apple da Google suka fitar da ARKit da ARCore a 2017, kuma akwai A-Frame, wanda ake gina wurin kwaikwayo da shi a shafin intanet. Ƙungiyar ɗalibai uku ko huɗu, ɗaya daga cikinsu na sashen kwamfuta, za ta iya gwada taswirar karin harshe guda a zangon karatu ɗaya, ta kuma auna da gaskiya ko ta fi takarda.

Mataki na uku aikinmu ne na kanmu. Kalmomin da aka yi amfani da su a nan, irin su duniyar kwaikwayo, ƙarin gani da ƙullin amo, shawara ce kawai, kuma ƴan uwa masu nazarin ƙirƙirar kalmomi suna da damar tace su ko su kawo waɗanda suka fi su. Tun da Hausa ta sami matsayin harshen ƙasa a Nijar a 2025, bukatar irin waɗannan kalmomi sai ƙaruwa za ta yi.

Kammalawa

Gwaje-gwajen da muka duba sun nuna wurare uku da nutsewa cikin bayanai ke da riba: inda siffar bayanan ta wuce fuska biyu, kamar wasula da saƙar kalmomi, inda mai nazari ke bukatar faffaɗan wuri don baza tunaninsa, da inda mutane da dama ke bukatar nuna wa juna abu ɗaya. Sun kuma nuna cewa wajen karanta lamba daidai, da dogon rubutu, da zaman sa'o'i, allon tebur yana nan da matsayinsa. Kafin ɗalibi ya nemi tabarau, sai ya tambayi kansa ma'aunai nawa tambayarsa take bukata a lokaci guda, kuma mutum nawa ne za su duba su tare. Idan amsar biyu ce da mutum ɗaya, takarda ta ishe shi. Idan ta kai huɗu, kamar kalmomin "fari", kuma abokan aikin suna Tawa da Damagaram da Yamai, to lokaci ya yi da zai fara gwaji.